Raunin da Ba Ya Zubar da Jini: Musabbabin Buguwa da Targaɗe a Ƙasar Kaugama

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yakan auna girman rauni da yawan jinin da ya gani. Idan lauje ya yanke yaro a gona, jini ya wanke masa hannu, nan da nan sai a yi ca a kansa, wannan ya kawo tsumma, wancan ya ruga neman abin hawa. Amma idan sa ya tunkuye shi a kwiɓi, ya faɗi, ya tashi ya kaɗe rigarsa, sai a ce Allah ya kiyaye, ai buguwa ce kawai, kowa ya koma bakin aikinsa. Sau da yawa kuwa yaro na biyun ya fi na farkon kusa da halaka, domin jininsa yana zuba ne a inda ido ba ya kaiwa.

Wannan lacca za ta yi nazari ne a kan irin wannan rauni, watau wanda yake samun tsoka da jijiya da sauran sassan jiki masu taushi, ba tare da ya fasa fata ko ya karya ƙashi ba. An ɗauki ƙasar Kaugama a matsayin misali. Kaugama ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗeja, tana yamma da garin Haɗeja, a cikin Jihar Jigawa wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kano a 1991. Ƙasa ce ta tudu da fadama, ta manoma da makiyaya da masunta, mutanen da jikinsu shi ne jarinsu. Manufar laccar guda ɗaya ce: a nuna cewa kumburi da kwanciyar jini alama ce mai sababi iri-iri, kuma sanin sababin shi ne yake raba maganin da zai warkar da wanda zai nakasa.

2.0 Sunayen Rauni a Bakin Bahaushe

Duk mai son ya san yadda al'umma take kallon wani abu, to ya fara duba sunayen da ta ba shi. Wanda ya bi ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sa'an nan ya kasa kunne ga maganar mutane ta yau da kullum, zai tarar kalmomin rauni sun kasu gida uku.

Gida na farko shi ne na raunin da ya buɗe fata: yanka, da sara, da suka, da rotse, da ƙujewa. Yawancin waɗannan sunaye suna ɗauke da labarin abin da ya yi ɓarnar. Wanda ya ji an ce sara ya san akwai gatari ko adda a cikin zancen, wanda kuma ya ji rotse ya san dutse ne ko gora ta sami kai. Gida na biyu na ƙashi ne: karaya, da tsagewa, da gocewa. Gida na uku shi ne abin da ya rage a tsakani: buguwa, da targaɗe, da gurɗewa, da kumburi, da ƙululu, da shatin bulala, da tsamin jiki, da kwanciyar jini.

Gida biyu na farko kowanne da mai shi. Wanzami yana da hurumi a kan fata da jini, maɗori yana da hurumi a kan ƙashi, kuma dukkansu gado suke yi, da sarautunsu da ƙa'idojinsu. Shi kuwa gida na uku kowa likitansa ne. Tsohuwar gida takan gasa, aboki yakan ja ya murza, mai tallan magani yakan ba da ƙwaya, in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a nufi wanzami ko maɗori.

Ko a fannin shari'a haka lamarin yake. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, kuma wanda malaman zaure suke karantarwa a ko'ina cikin ƙasar Hausa, ya jera raunuka gwargwadon zurfinsu. Muliha ita ce wadda ta tone ƙashi a kai ko fuska, diyyarta raƙuma 5. Munaƙƙila ita ce wadda ta farfasa ƙashin har ya gusa, diyyarta raƙuma 15. Ma'amuma mai kaiwa ga ƙwaƙwalwa da ja'ifa mai shiga cikin ciki, kowace sulusin diyya ce. Duk waɗannan raunuka ne da alƙali zai iya sa a duba a auna masa.

Akwai kuma wani abu a cikin nahawun kalmar buguwa kanta. A tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wanda ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, "bugu" tana aji na bakwai ne, tare da irin su "gyaru" da "dafu" da "ɗauru". Aikin wannan aji shi ne ya faɗi halin da abu ya shiga, ya yi shiru game da wanda ya sa shi a ciki. Idan an ce "an buge shi", mai sauraro zai tambaya, wa? Idan aka ce "ya bugu", magana ta ƙare. Ashe ke nan kalmar da aka fi amfani da ita ga wannan rauni tana rufe ƙofar tambayar da ta fi kowace muhimmanci.

Matsala ta ƙarshe ita ce kalmar jijiya. Da ita Bahaushe yake kiran hanyar da jini ke bi, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, da igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi kamar agara, da kuma ɗaurin da ya riƙe ƙashi da ƙashi a gaɓa. Abubuwa huɗu ne daban, raunin kowanne da alamarsa da maganinsa. Saboda haka idan majinyaci ya ce wa malamin asibiti jijiyarsa ce ta motsa, bai gaya masa kome ba tukuna.

3.0 Abin da ke Faruwa a Ƙarƙashin Fata

Fata tana da yauƙi da juriya fiye da abin da ta lulluɓe. Idan abu marar kaifi ya daki jiki, fata takan lotsa ta dawo, amma ƙananan hanyoyin jini da ke ƙarƙashinta, waɗanda suka fi gashin kai sirantaka, sai su fashe. Jinin ya tsiyaya cikin kitse da tsoka, ya rasa mafita. Wannan ita ce kwanciyar jini. Idan hanyar da ta fashe babba ce, jinin yakan taru wuri ɗaya ya yi gudaji, shi ne ƙululun da ake gani a goshin yaro. Wani lokaci kuma jinin yakan gangara, a bugu a goshi a wayi gari da baƙi a gindin ido, ko a bugu a ƙwauri a ga alama a idon sawu.

Jiki da kansa yake kwashe wannan jini. Yakan warware sinadarin da ya ba jini launin ja mataki-mataki, shi ya sa a jikin mai hasken fata wurin yakan fara da ja, ya koma shuɗi mai duhu, ya yi kore, ya yi rawaya, kafin ya ɓace cikin kamar mako biyu. Da can likitoci sukan yi ƙoƙarin faɗin kwanakin rauni daga launinsa. Binciken da Langlois da Gresham suka buga a 1991 ya nuna abin da za a iya dogara da shi kaɗan ne: rawaya ba ta bayyana kafin awa 18, sauran launukan kuwa ba su da tsayayyen lokaci. A kan fararen fata ma aka yi wannan bincike.

Nan ne wata matsala ta musamman take ga baƙar fata. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa alamomi huɗu na wurin da ya ƙwaru: ja, da kumburi, da zafi, da raɗaɗi. Littattafan likitanci na Turai sun fi jingina ga ta farkon, ita ce kuwa ba ta cika fitowa a jikin manomin da rana ta dafa ba. Mutum zai sha dukan kawo wuƙa, a duba bayansa a ce ba a ga kome ba. Don haka a nan ƙasar hannu ya fi ido amfani. A taɓa wurin a ji ko ya ɗau zafi, ko ya yi tauri, a kuma gwada shi da ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren.

Targaɗe kuwa a gaɓa yake aukuwa, yayin da ta juya fiye da iyakarta har ɗaurin da ke riƙe da ita ya miƙe ko ya yage, kuma idon sawu ya fi kowace gaɓa shan wannan wahala. Ita tsoka takan yage ne idan aka fizge ta alhali tana ɗauke da nauyi. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. Cinya kaɗai tana iya shanye fiye da lita 1 ba tare da ɗigo ya fito waje ba, ciki kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba.

4.0 Sababin da ke Cikin Sana'a da Muhalli

Raunukan mutanen Kaugama suna bin kalandar aikinsu. Da faɗuwar damina ake fito da shanun huɗa, kuma sabon sa da bai gama horuwa ba yakan yi tunkuyi, ya taka ƙafa, ya fizge igiya har kafaɗar mai riƙonsa ta gurɗe. Yawanci yara ne suke jan akala a gaban garma, tsayinsu kuwa ya sa ƙaho yakan same su a ciki ko a haƙarƙari. Jaki yana harbi, amalanke tana kifewa da kaya, ƙafarta tana bi ta kan sawun wanda ya yi sakaci. A fadama kuma laka tana da santsi idan ta jiƙe, idan ta bushe ta tsattsage ta bar ramukan kofaton shanu, duka biyun kuwa tarkon idon sawu ne.

Da kaka aiki yakan koma na nanatawa: yankan shinkafa a duƙe tun safe har la'asar, da bugunta, da kaɗe riɗi, da sussuka. Irin wannan aiki ba ya yin rauni farat ɗaya. Kullum yakan ɗan yagi zaren tsoka da agara kaɗan-kaɗan, idan ba a sami hutun da za su ɗinke ba sai ciwo ya zauna a kafaɗa ko gwiwar hannu ko ƙugu. Haka mata suke fama da taɓarya da guga da dakon itace, sai dai nasu ba ya da kaka ba ya da rani. 'Yan dako kuma, a kasuwanni irin su Gujungu da Maigatari, suna saɓa buhun da ya kai kilo 100, wanda sau da yawa ya fi mai ɗaukarsa nauyi.

Noman rani ya zo da nasa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aka gama madatsar Challawa a 1992, kuma tun daga wannan zamani injin ban-ruwa ya yi ta ture jigo a fadamun kogin Haɗeja. Inji ya rage wahala, amma igiyar tayar da shi tana fizge kafaɗa, bel ɗin injin casa da na niƙa kuma yana kama hannun riga ya ja hannu. Fiye da duka akwai babur, wanda ya zama jakin wannan zamani, ana ɗora masa mutum uku da buhu a kan hanya mai rairayi. A gefen waɗannan akwai raunin da ake nema da gangan a fagen dambe da kokawa da sharo, da wanda ake samu idan manomi da makiyayi suka ɗaga wa juna sanda a kan ɓarnar gona.

Wurare uku ne buguwa take kisa, kuma ya kamata kowa ya san su. Na farko ciki. Saifa tana ɓangaren hagu a ƙarƙashin haƙarƙari, cike take da jini, kuma zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa yana kumbura ta, haka ma tsargiyar hanji, cututtukan da suka zama ruwan dare a wuraren da ruwa ke kwanciya. Kumburarriyar saifa takan leƙo ƙasa da haƙarƙarin da ke kare ta, bugun da bai taka kara ya karya ba sai ya fasa ta. Alamarta ciwo a kwiɓin hagu wanda wani lokaci yakan harba zuwa kafaɗar hagu, da jiri, da gumi mai sanyi, da ƙishirwa, da ɗashewar cikin ido. Tana iya ɓoyewa har kwanaki kafin ta bayyana.

Na biyu kai. Mutum yakan faɗo daga babur ya suma, ya farfaɗo, ya yi hira da mutane garau, alhali jini yana taruwa a tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan awoyi sai amai, da ciwon kai mai ƙaruwa, da barcin da ba a iya tashinsa daga ciki.

Na uku danniya. A shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya ci garuruwa da gonaki a masarautar Haɗeja, gine-ginen ƙasa da yawa sun jiƙe sun rufta a kan masu su. A 1941, lokacin da jiragen Jamus suke ruwan bama-bamai a kan birnin Landan, likita Eric Bywaters ya lura cewa waɗansu mutanen da aka tono daga ƙarƙashin gini ba tare da wani babban rauni a fili ba sukan mutu bayan 'yan kwanaki saboda ƙodarsu ta daina aiki. Dalili shi ne tsokar da ta daɗe a danne takan mutu, ta saki wani sinadari cikin jini wanda yake toshe ƙoda. Alamarsa fitsari ya ragu, ya yi duhu kamar ruwan shayi. Duk wanda katanga ta danne na tsawon lokaci asibiti ne wurinsa, ko da kuwa da ƙafarsa ya fito.

5.0 Kwanciyar Jini Ba Tare da Bugu Ba

Akwai mutumin da zai wayi gari da tabbai masu duhu a jiki, ya rantse bai yi karo da kome ba. A ƙauye akan jingina irin wannan ga iska ko maita ko sammu. Shi jini yana tsayawa ne da taimakon abubuwa uku: ƙarfin bangon hanyoyinsa, da waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ɓargo ke yi masu toshe kafa, da sinadaran daskarewa waɗanda hanta ce take sarrafa yawancinsu. Idan ɗaya ya sami tangarɗa, gogar da ba ta isa a tuna da ita ba ma sai ta bar tabo.

Cuta mafi shahara a nan ita ce himofiliya, wadda ake gado ta wajen uwa amma 'ya'ya maza take kamawa, kamar 1 cikin 5,000 na mazan da ake haifa. Likitan Andalus Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya ba da labarin waɗansu mutane da mazansu suke mutuwa da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni. A ƙasar Hausa wanzami ne yakan fara cin karo da ita, ranar cire beli ko ranar kaciya. Yaron da gwiwarsa take yawan kumbura ba dalili, musamman idan an taɓa rasa wani kawunsa na wajen uwa a wurin kaciya, to a kai shi a auna jininsa kafin aska ta taɓa shi.

Ciwon hanta yana rage sinadaran daskarewa. Sankarar jini tana cinye ɓargo, sai a ga yaro ya ɗashe, yana zazzaɓi, dasashinsa yana jini. Sanƙarau, wanda ya yi mummunar annoba a Arewa a 1996, yakan fito da ɗigo-ɗigo masu duhu a fata tare da zazzaɓi, wannan kuwa ba ya jiran gari ya waye. Ƙarancin bitamin C yana raunana bangon hanyoyin jini, ƙarancin bitamin K yana sa jarirai zubar jini, tsufa kuma yana sirantar da fata. Amosanin jini, watau sikila, ba ya kwantar da jini, amma yakan kumbura hannuwa da ƙafafun jariri har a zaci goyo ne ya gurɗe shi.

Sai kuma maciji. Ambaliya takan koro macizai zuwa tudun da mutane suka fake, girbi kuma yakan kai hannu inda suke kwance. Dafin kasa yana narka nama, ƙafa ta kumbura ta yi baƙi. Dafin kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe-da-nisa, yana hana jini daskarewa ɗungum, har tsohon miki ya ɓalle. Likita David Warrell da abokan aikinsa sun yi bincike mai zurfi a kan wannan a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka buga sakamakonsa a 1977. Awon da ake yi mai sauƙi ne: a ɗiba jini a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, idan bai daskare ba dafi ya shiga jini, sai allurar kashe dafi. Yin tsaga a jikin irin wannan mutum buɗe masa ƙofar lahira ne.

Na ƙarshe shi ne magani. Asfirin yana kashe kaifin ƙwayoyin toshe kafa har kwana 7 zuwa 10 bayan an sha. Deksametason da danginsa, waɗanda ake cusawa a haɗin ciwon jiki da maganin ƙiba da waɗansu mayukan bilicin, suna cinye kaurin fata. Taramol kuwa yana kashe raɗaɗin da ya kamata ya tsayar da lebura, sai ya ci gaba da aiki a kan yagaggiyar tsoka.

6.0 Hannun Mutum

Akwai sababin da ba a cika son faɗa ba, kuma a nan ne "ya bugu" ta fi yin aikin rufa-rufa. Yaro mai guje-guje yakan bugu a goshi da gwiwa da ƙwauri, watau inda ƙashi ya turo kuma inda ake faɗuwa a kai. Amma tabo a kunne, ko wuya, ko ciki, ko gadon baya, ko cikin cinya, ba kasafai faɗuwa take yinsa ba. Jaririn da bai fara rarrafe ba kuwa da wuya ƙwarai ya bugu da kansa. Sanda da bulala sukan bar layi biyu a jere da fili a tsakaninsu, domin nauyin bugun yana kore jini zuwa gefe da gefe. Matar da ta kare kanta da hannu, a bayan damtse da sangalin hannu ake samun shaidarta, ko da ta ce ƙofa ce ta buge ta.

Dokar Finalkod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta yi rangwame a sashe na 55 ga uba da malami da maigida da miji idan sun yi horo, muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Sashe na 241 kuma ya sa a cikin mummunan rauni duk wanda ya jefa rai cikin haɗari, ko ya sa mutum cikin azaba ko ya hana shi harkokinsa har kwana 20. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, da dokar hana cin zarafin mutane a 2015, Jihar Jigawa kuma ta sa hannu a kan tata dokar hana cin zarafi a 2021. Sai dai doka da hujja take aiki. Idan takardar asibiti ta ce ba a ga rauni ba, don kawai wanda ya duba launi yake nema a baƙar fata, to mai ƙara ya faɗi tun kafin ya shiga gaban alƙali.

7.0 Maganin da ke Zama Sababi

Gashi da ruwan zafi da tausa suna da amfani, amma suna da lokacinsu. A kwana biyun farko hanyoyin jini ba su gama rufewa ba, zafi yana ƙara buɗe su, murza kuma tana ɓalle toshiyar da jiki ya fara yi. Abin da ake bukata a lokacin shi ne hutu, da sanyi ko da na tsumman da aka tsoma a ruwan randa ne, da naɗi marar matsi, da ɗaga gaɓar sama da ƙirji. Likita Gabe Mirkin na Amurka, wanda ya yaɗa wannan tsari a 1978, ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da dogon kwanciya suna iya jinkirta warkewa. Ke nan bayan kwana biyu ko uku sai a fara motsa gaɓar a hankali, a nan ne ruwan ɗumin tsohuwa yake da rana.

Babban haɗari yana wajen ɗauri. Tsokokin sangalin hannu da na ƙwauri suna cikin wata jaka ce marar miƙewa. Idan suka kumbura, aka kuma zagaye su da kara aka tamke, sai matsi ya hana jini shiga, cikin kamar awa 6 tsoka ta fara mutuwa. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana ƙarshen wannan a 1881: hannu ya shanye, yatsu su ƙandare a lanƙwashe. Idan abin ya fi haka sai ruɓewa, sai yankewa. Rahotanni daga asibitocin koyarwa na Nijeriya sun sha nuna cewa matsattsen ɗori yana cikin manyan dalilan yanke wa yara hannu ko ƙafa, waɗansunsu ma targaɗe ne kawai ya same su tun farko. Alamomin ba su da wuyar ganewa: raɗaɗi mai ƙaruwa maimakon raguwa, da ihu idan an miƙe yatsu, da sanyinsu, da mutuwarsu. Wanda ya ga haka ya kwance ɗaurin nan take, kada ya jira ranar da aka ɗiba.

Wannan ba dalili ne na kushe maɗora ba, domin su ne kusa da jama'a, kuma tsakanin ƙauyen Kaugama da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano akwai tafiya da kuɗin mota. Wani rahoto daga kudancin Habasha a 2005 ya nuna cewa ɗan gajeren horon da aka ba maɗoran gargajiya ya rage yawan gaɓoɓin da ake yankewa.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, aiki ya rataya a wuyan mutane da dama. Malamin asibiti ya riƙa tambayar abin da ya yi bugun, da lokacin, da wurin, ya duba da hannu a cikin haske, ya kuma rubuta kumburi da zafi da tauri a takarda kamar yadda zai rubuta yanka. Malamin makaranta da ɗan sanda da alƙali su san inda faɗuwa take barin tabo da inda ba ta bari. Malamin gona ya haɗa da zancen murfin bel da horon shanu a cikin wa'azinsa na taki da iri. Ma'aikatar lafiya da ƙananan hukumomi su jawo maɗora da wanzamai a jiki, ta hannun sarakunansu, a koya musu alamomin da ke cewa wannan ba nasu ba ne, a kuma tanadi allurar kashe dafi kafin ruwa ya sauka.

Ɗaliban Hausa su ma da nasu kason. Akwai kalmomin jiki da na rauni a bakin maɗora da mahauta da masunta na ƙasar Haɗeja waɗanda suka cancanci a bi su a rubuta tun masu su suna raye. Daga cikinsu ne za a sami abin da za a raba jijiyar jini da jijiyar saƙo da ɗaurin gaɓa, yadda majinyaci da likita za su fahimci juna ba tare da tafinta ba. Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowa zai iya yi tun daga yau: duk lokacin da aka ce wane ya bugu, a sami wanda zai tambaya me ya buge shi, a ina, kuma tun yaushe. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa a dace, amin.